Amsa: Shin wasannin da sun fi na yanzu, ko dai ɗokin ƙuruciya ne?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko wasannin kwaikwayon talabijin na da sun fi finafinan yanzu, ko kuwa kewar ƙuruciya ce kawai take ruɗar mu. A ganina duka biyun suna ciki, amma ba zan yarda a ce kewa ce kaɗai ba.

A unguwarmu ta Ƙofar Ƙaura a nan Katsina, gida ɗaya ne yake da talabijin, ita ma marar launi, kuma da an idar da sallar isha'i sai mu cika tsakar gidan, babba a kan tabarma, yaro a ƙasa. Abin da ya zaunar da mu shi ne magana. Marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja, tsohon soja ne, shi ya sa Hausarsa ta bariki da tsawar da yake daka wa na ƙasa da shi ba su yi kama da abin da aka haddace ba. Haka nan marigayi Ƙasimu Yero, wanda kallo ɗaya zai yi ka fashe da dariya.

Ta fuskar hoto da sauti kuwa, na yanzu sun yi musu fintinƙau, wannan ba na ja.