Fitowar farko a keke Napep: ba laifin jarumin ba ne

Wa'alaikumus salam ƙanina. Na ga tambayarka, na kuma kalli guntun da ka ɗora. Ga 'yan uwa da ba su buɗe ba: fim ne na soyayya da barkwanci. A fitowar farko saurayi ne cikin keke Napep daga Wunti zuwa Yelwa, yana waya yana cika baki wai yana cikin motarsa, budurwar da za ta zama jarumar fim ɗin kuma na zaune gefensa tana jin komai. Ka ce a takarda kowa ya ƙyalƙyale, amma da aka tace, wato edita ya yanka ya haɗa, aka nuna wa abokai, shiru kake ji. Kana tambaya ko jarumin za ka canza.

Kada ka taɓa shi, yaron ya iya. Na daɗe ina aikin tace hoto a nan Bauchi, daga bidiyon biki har fina-finan YouTube, kuma abin da na gani a naka shi ne kyamara ta ɗebi rabonta a dariyar, tacewa ta ɗebi nata, sauti ya kwashe sauran.

Ka buɗe da hoton gari daga sama, ga duwatsu, ga shataletale, ana ta kiɗa, kusan daƙiƙa 40 ba mu ga fuskar ɗan Adam ba. Na san kuɗi ka biya mai dron, rai ba zai so a zubar ba. Amma mai kallo a waya da datarsa yake kallo, bai zo ganin gari ba. Babbar ɓarnar ma ita ce da kyamarar ta sauko, kan keken ta sauka, muka gan shi ƙuru-ƙuru da saurayin a ciki. To da ya ce yana cikin mota, me ya rage mu gano? Ka riga shi faɗa.

Da ni ne, da fuskarsa kaɗai zan fara, a matse sosai yadda rufin keken ba zai fito ba. Hula zanna a karkace, baƙin gilashi, waya a kunne. Babu ƙarar inji ko kaɗan. Yana cewa, "Wallahi yanzu na fito daga banki, ina cikin mota, sanyin AC ne ya shaƙe min murya." Sai wata murya ta faɗo daga wajen hoto: "Yelwa, saura mutum ɗaya!" Ka bar muryar ta riga hoton da kamar rabin daƙiƙa, muna kallon idonsa yana rawa, sannan ka yanka zuwa ɗaukar nesa: ga keke, ga buhun albasa a ƙafarsa, ga budurwa a gefe, ƙarar inji ta shigo gaba ɗaya. Kunne ne ya fara tona masa asiri, ido ya zo ya tabbatar. Ɗaukar nesan nan ba ta da madadi, domin sai ƙarya da gaskiya sun zauna a hoto ɗaya mutum ke dariya. In ka raba su, kowa da hotonsa, mai kallo sai ya tsaya haɗa lissafi, kafin ya gama lokacin dariyar ya wuce.

Daga nan fitowar ta zama tata, ba tasa ba. Editanka duk wanda ya buɗe baki shi yake yankawa kansa, ita kuwa ba ta ce uffan ba a minti na farko, shi ya sa da ƙyar muka gan ta. Alhali labarin zuciya a tambayi fuska. Wani mai shirya fim ɗan Rasha, Lev Kuleshov, ya gwada wannan kimanin shekara ɗari da suka wuce: ya ɗauki fuskar ɗan wasa guda, bai canza komai a cikinta ba, ya haɗa ta da kwanon miya, da akwatin gawa, da mace a kishingiɗe. Masu kallo suka ga yunwa a nan, baƙin ciki a can, sha'awa a ɗaya. Abin da ka jera kusa da fuska shi ke ba ta ma'ana. Saboda haka duk ƙaryar da ya shara, ka kai mu wurinta. Ya ce "direbana ya tafi hutu", mu gan ta ta ɗaga ido ta dubi mai keken. Ya ce "tayar gaba ce ke ɗan damuna", mu ga ta kawar da kai waje, ta ja gefen mayafi ta rufe baki, kafaɗarta na motsi. Ka bari hoton ya ɗan zauna. A firem 25, wato hotuna 25 a jere, cikin daƙiƙa muke aiki, firem goma bai kai rabin daƙiƙa ba, amma sau da yawa su ne tsakanin dariya da shiru. Kai kuma kana yankewa tun kafin mayafin ya kai bakinta.

Sai ɓangaren soyayyar, wanda a naka babu shi sam, barkwanci kawai aka yi ƙoƙarin yi. A fina-finanmu jarumi ba ya riƙe hannun jaruma. Hukumar tace fina-finai ta Kano tun 2001 take sa ido a kan irin wannan, ko babu ita ma iyayenmu da ke kallo tare da mu ba za su lamunta ba. Abin da ya rage mana shi ne tazara da kallo, kuma sun isa in an iya. A ɗaukar nesan, ta ajiye jakarta a tsakaninsu, mu ga wannan 'yar tazarar. Ɗaukar kusa ta gaske, wadda ido ke cika allo, ka adana ta zuwa lokacin da ya juyo ya gane ta ji komai. A nan kaɗai za ka rage sauri: shi, ita, shi kuma. In ka yi ta raba ɗaukar kusa tun daga farko, da ka zo wurin da ake buƙatarta ta riga ta zama banza.

Abu biyu a gurguje kan kyamara. In da waya kake ɗauka, kada ka cusa ta a fuskar yarinya, gilashin waya mai faɗi ne, zai kumbura mata hanci. Ja baya ka sa 2x, wato ka jawo hoton ninki biyu. In kyamara ce, gilashin 50mm ya wadatar. Na biyu, akwai inda ka tsallaka ɗaya gefen keken, sai ya zama su biyun duk hagu suke kallo, kamar wani na uku suke harara. Zaɓi gefe guda ka tsaya a kai. Ranar tsakar rana kuma ta ƙone maka bayansu fari fat, ka koma da hantsi ko bayan la'asar.

Sauti ne ya fi ba ni haushi, ka yi haƙuri. Kiɗa tun daga daƙiƙar farko har ƙarshe, ga wannan "toing" ɗin da ake sawa bayan kowace magana, har da dariyar gwangwani, wadda aka naɗa ake liƙawa. Kamar mai ba da labari ne da ke tuntsirewa kafin ya kai inda abin dariyar yake. Cire su duka ka sake kallo. Keken kansa yana da abin da ya fi su: fat-fat ɗin inji, hon, mai rake yana kira, ƙarar ramin da aka faɗa daidai lokacin da ya ce motar ba ta jin gargada. Kiɗan soyayya kuwa kada ya shigo sai idanunsu sun haɗu, shi ma a hankali, abu ɗaya, sarewa ko jita. Kafin ya shigo ka janye ƙarar titi ƙasa, kunne zai ji an shiga wani yanayi ko mai kallo bai san me aka yi ba.

Maganar tasu ma ba ta fita, don da inji a kunne ka ɗauka. A ɗaukar kusa ba wanda ya san keken na tafiya ko yana tsaye: kashe shi, mutum biyu su riƙa girgiza shi daga baya. Maƙala musu ƙaramin makirfo, amma ka kula da mayafinta, in yana gogar makirfon ya gama da kai. Ɗauki ƙarar inji daban, ɗauki hayaniyar wurin ita kaɗai na minti guda, edita zai shimfiɗa su a ƙasa yadda duk yankan da ya yi ba za a ji tsalle ba. In an gama, kada ku saurara da manyan lasifikun situdiyo kawai. Ku kunna a waya mai araha a bakin titi, a nan mafi yawan masu kallonku suke.

Ba sai ka sake ɗaukar fitowar gaba ɗaya ba. Fuskarsa a matse ta farko, da fuskarta tana sauraro, su ne ko babu ko suka yi ƙaranci a abin da ka ɗora. Duba cikin ragowar hotunan da ba a yi amfani da su ba, musamman kafin darakta ya ce a fara da bayan ya ce a tsaya, sau da yawa a nan ake samun kallon da ake nema. In babu, yinin Asabar ɗaya da keken haya ya ishe ku. Ka ɗora sabon yankan a nan mu gani.