Zauren Anti Talatu: "A littafi mugu nake so, a gida kuwa ko tsawa ba na ɗauka"

Tun da na yi suɓul da baka a fitowar da ta wuce, na ce da furfurata har yanzu ina karanta labaran soyayya a waya, wasiƙu suka yi ta shigowa a kan maganar. Na zaɓi huɗu. Kamar kullum, na sakaya sunayen.

TAMBAYA: Anti, barka da aiki. Ni matar aure ce, 'ya'yana uku, muna zaune a Agege. Kullum nakan hau jirgin ƙasa zuwa Oyingbo, daga nan in shiga danfo zuwa Idumota inda nake da shagon mayafai. A hanyar nan nake karatuna. Damuwata ita ce irin labarin da raina ke so. In jarumin mai kirki ne, mai sallama da murmushi, ba na kai shafi goma nake ajiyewa. Amma a ce ɗan sarkin aljanu ne ya sace yarinya a bakin rijiya ya kulle ta a fadarsa ta ƙarƙashin ruwa, ko wani attajiri mai zuciyar dutse da aka ɗaura musu auren dole, to ranar ba ni da sauran hankali. Sau biyu ina wuce Agege, sai a Iju na farga. Kuma wuraren nan da ake rubuta "na matan aure ne kawai", ba zan yi miki ƙarya ba, ba na tsallakewa. Maigidana mutumin kirki ne, ko ɗaga mini murya ba ya yi. Anti, anya lafiyata ƙalau? Maman Hanan, Agege.

AMSA: Ƙanwata, lafiyarki ƙalau, tasha kawai za ki riƙa kula da ita.

Wannan abin da kike jin daɗinsa ya girme ki, ya girme ni. Kakata a Zariya, Allah ya jiƙanta, tatsuniyar da muka fi roƙonta ita ce ta budurwar da ta rantse ba za ta auri mai tabo ba, har wani kyakkyawan baƙo ya zo, jikinsa sumul, ta bi shi, sai da suka nutsa cikin daji ya rikiɗe. Muna jin tsoro muna ƙanƙame juna, gobe kuma mu ce ita za a sake. Ki tuna yadda Dare Dubu da Ɗaya ya faro: sarki ne da ke aurar budurwa da dare ya sa a kashe ta da safe, sai wata ta shiga ɗakinsa da wayonta da bakinta, ta yi ta jan sa da labari har zuciyarsa ta yi laushi. Duk mugun mijin da kike karantawa a waya jikan wannan sarkin ne.

Kuma ki duba da kyau, ba muguntar kike so ba. Shafin da kike jira shi ne wanda mutumin nan da gari ke tsoro zai zo bakin ƙofarta, murya na rawa, ya rasa ta inda zai fara ba da haƙuri. Duk tsawar da ya yi mata a baya bashi ne, ke kuma kin san marubuciya za ta sa ya biya. Tsoro ne da linzaminsa ke hannunki: in ya yi yawa ki kife wayar ki ba kwandasta kuɗinsa. Macen da ta yini tana ciniki da masu taya mayafin dubu biyar a dubu ɗaya, ta dawo ga tukunya ga aikin makarantar yara, in ta so ta leƙa wata duniya inda ake tayar da yaƙi saboda mace guda, ni ban ga abin kai ta wajen mai ruƙiyya ba.

Sai dai littattafan nan kashi biyu ne, kuma a nan nake da tsauri. Akwai wanda marubuciyarsa ta san jaruminta azzalumi ne, take kiran zaluncin da sunansa, ta bar yarinyar da bakinta da fushinta, ta wahalar da shi kafin a yafe masa, wani lokacin ma a ƙi yafewa. Wannan nakan bi shi har ƙarshe. Akwai kuma wanda za a yi wa yarinya fyaɗe a shafi na 12, a shafi na 15 tana dafa masa farfesu tana sunkuyar da kai, marubuciya na gefe tana faɗa mana wai tsananin so ne ya ja. Irin wannan goge shi nake yi nan take, in fita daga zauren WhatsApp ɗin da ake sakinsa. Na zauna da mata da yawa da suka kawo mini kukan gidajensu, ban taɓa ganin wadda mari ya zame mata ƙauna ba.

Ga ma'aunin da nake amfani da shi. In kin rufe littafin kin shiga gida, ki kalli maigidan naki. In har haƙurinsa da sanyin halinsa sun fara yi miki lami, kina ji a ranki da ma ya ɗan iya haɗe rai irin na wancan, to ki ba littafin hutu na wata guda. In kuwa kin shiga kin ce alhamdu lillahi da nawa ba aljani ba ne, ci gaba da karatunki.

Maganar wuraren da ba kya tsallakewa kuma, ni ba malama ba ce, hukunci na malamai ne, kuma kin san ba za su yi miki sassauci a kan batsa ba. An daɗe ana wannan rigimar. Kano ta kafa hukumar tace fina-finai da ɗab'i a 2001, a 2007 kuma gwamnatin lokacin ta cinna wa tarin littattafan da aka ƙwace daga hannun 'yan makaranta wuta a bainar jama'a. Labaran suka tattara suka koma waya, inda ashana ba ta kaiwa, kuma suka fi da zafi. Ra'ayina a matsayin mai karatu shi ne marubutan da muka taso da su sun fi iya abin. Za su ja ki shafi ɗari da kallo da haɗuwar hannu wajen miƙa kofin shayi, a daren kuma marubuciya ta ce ta ja musu ƙofa, asuba ta gari. Zuciyarki ce ke ƙarasa sauran, kuma ta fi kowace marubuciya iyawa. Wasu na yanzu kuwa lissafa gaɓoɓi suke yi ɗaya bayan ɗaya kamar mahauci a mayankar Oko-Oba. Wannan ragwanci ne, ban da zunubin. Kin san shafin da in na kusa da ke a jirgi ya leƙo za ki yi sauri ki kare fuskar wayar da mayafi. Shi nake nufi.

TAMBAYA: Hajiya, ina yini. Ni kayan gwari nake sayarwa a Mile 12, ina fita tun kafin asuba saboda motocin da ke isowa daga Arewa. In na dawo sai in tarar da iyalina ta toshe kunne tana sauraren littafi a YouTube, tana murmushi ita kaɗai. Rannan har ce mini ta yi wai ban iya kalamai ba. Kuma kusan kowane mako sai ta karɓi kuɗi wai za ta biya littafi. In karɓe wayar ne? Baban Sadiƙ, Ketu.

AMSA: Malam, kada ka karɓe. Za ta ari ta maƙwabciya, kai kuma ka zama mugun da ke cikin labarin.

Kuɗin da take karɓa gaskiya ta faɗa maka. Marubuciya kan saki shafukan farko kyauta, sai labari ya kai inda numfashi ke ɗaukewa ta tsaya, ta ajiye lambar asusu. A tura kuɗi, a tura mata shaidar biya, ta jefa mutum a zauren WhatsApp ko Telegram inda ake ci gaba. Sana'a ce, mata da yawa da ita suke rufa wa kansu asiri. Akwai ɓata-gari kuma. Ni kaina na taɓa biyan naira 1,000, ana gobe jaruma za ta gano mijin nata ba mutum ba ne marubuciyar ta ce ba ta da lafiya. Yau shekara biyu ke nan, Allah ya ba ta sauƙi. Ka yanka wa uwargida abin da za ka iya a wata, ka ce kada a wuce shi.

Kalamai kuma, ba ta kyauta ba da ta gwada ka da mutumin da bai taɓa sauke kwandon tumatir ba, wanda aikinsa kawai ya sa turare ya jingina da mota. Amma ni mace ce, bari in fassara maka: da ta ce ba ka iya ba, roƙo take ka gwada. Wata rana ka shigo da tsire a takarda, ka yi wanka warin attaruhu ya sauka, ka zauna ka ce, "Wai ya aka ƙare da yarinyar nan taki da aljanin?" Za ta ba ka labari har ka yi gyangyaɗi. Daga nan ka ce mata abincin jiya ya yi daɗi, ka kira ta da sunan da kake kiranta da shi lokacin zance. Na san akwai shi, kowa na da shi.

TAMBAYA: Anti, ni ɗaliba ce a jami'ar da ke Akoka. Na Turanci nake karantawa, waɗanda ake tallatawa a TikTok, masu shafi 600, da dodanni masu aman wuta da masarautun mutane masu fukafukai, ga soyayya a ciki. In na dawo na Hausa sai in ga duniyar ba ta ginu ba. Me ya sa namu ba sa iya irin wannan? Ummi, Yaba.

AMSA: 'Yata, na fahimce ki, don ni ma da na Turanci na fara. Zuwana Legas amarya, a wajen masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa a Yaba da Ojuelegba nake tsintar na kamfanin Mills & Boon, wanda aka kafa a Landan tun 1908. Duk sun yi laushi, wani ma babu bangon baya, sai in ƙirƙiri ƙarshen da kaina.

Amma kalmar "ba sa iya" ta yi nauyi. A gasar da aka yi a Zariya a 1933, wadda ta haifar da ƙagaggun labaran Hausa na farko na boko, Ruwan Bagaja da Ganɗoki duk sun kai jarumansu ƙasar aljanu. Kayan gini kuwa muna da su har sun yi yawa. A bakin 'yan bori akwai birnin Jangare, da sarkinsa da gidajensa goma sha biyu, kowane iska da halinsa da tufarsa da kiɗansa. Akwai Ɗan Galadima a cikinsu, ɗan sarki mai ado da caca da kyautar ganin dama. Ki gaya mini wane mai fukafukin ne ya fi shi dacewa da zama jarumi? Ga namijin dare da mata ke faɗa a hira ƙasa-ƙasa. Ba cewa nake a yi imani da bori ba, kayan labari nake nuna miki.

Abin da ya rage mana shi ne lokaci. Baturiyar da kike karantawa takan yi shekara ko fiye a kan littafi guda, edita ya bi shi, a zana taswirar ƙasar a shafin farko. Tamu kuwa da yatsa take bugawa a waya tsakanin girki da goyo, mata ɗari na zaure suna kiran "Anti ci gaba" kafin magariba. Shi ya sa za ki ga sarkin aljanu da ya shekara dubu uku yana tuƙa mota mai baƙin gilashi yana cin shawarma. Inda za a ajiye rubutun ma bai tsaya ba. Wattpad, manhajar karanta labarai da aka buɗe a Kanada a 2006, shi ya riƙe da yawa daga cikin namu. OkadaBooks da ya taso a nan Legas a 2013, wanda marubutan Hausa da dama suka sayar da littafi a kansa, ya rufe a 2023.

Ɗabi'a guda nake so namu su ara daga waɗancan: gargaɗin da suke sa wa a farkon littafi, cewa akwai duka, akwai fyaɗe, akwai kisa, don wadda abin ya taɓa samu ta san inda za ta sa ƙafa. Namu gargaɗin guda ne, "ban yarda budurwa ta karanta ba", wanda shi ne ma ke kiran 'yan matan.

Tunda kin ga giɓin, ki ɗauki biro. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, da aka fara a 2016, ta gajerun labaran mata ce, ki fara gwada hannunki a can. In kin gina Jangaren taki ki turo mini, zan biya, amma sai kin kammala.

TAMBAYA: Anti, na duba wayar 'yata mai shekara 14 na same ta a wani zauren irin waɗannan littattafan. Abin da na karanta ya hana ni barci. Ban faɗa wa babanta ba tukuna. Maman Zahra, Idi-Araba.

AMSA: 'Yar'uwa, a nan ba ni da sassauci. Duk abin da na faɗa a sama na manya ne. Ki fitar da ita daga zauren yau, ki duba wanda ya saka ta, don in babban namiji ne to maganar ta wuce ta littafi, kuma dole babanta ya ji a daren nan. In ƙawa ce 'yar ajinsu, ki samu uwar yarinyar ku yi magana a tsakaninku.

Kada ki doke ta, kada ki tona ta gaban ƙannenta. Ki kira ta ɗaki ki tambaye ta me ta fahimta a abin da ta karanta, ki daure ki saurara, sannan ki gyara mata da bakinki, musamman inda aka nuna tilas a matsayin so. Yarinyar da ta saba da karatu ba za ta daina ba, don haka ki nemo mata wani labarin, ki riga ta karantawa. Wayar kuma daga yau a ɗakinki za ta riƙa kwana, ƙarfe tara ta kawo miki ita da cajarta.