Amsar Kawu Kan Saurin Fushi

Ɗiyata, saƙonki ya iso. Kin ce wani gwajin hali a waya ya ce ke choleric ce, wato mai saurin fushi, kina son jin tushen kalmar, da kuma ko a al'adarmu ma an yarda haka aka halicci wasu, sai dai a yi ta haƙuri da su. Na murmusa, amma wutsiyar tambayar ta tsaya mini a rai.

Kalmar Turanci ce, amma baƙuwa ce a Ingila. Daga Girkanci ta taso, inda khole ke nufin ruwan madaciya, ta ratsa Latin da Faransanci kafin ta isa can. Likitocin Girka, su Jalinusu, sun ɗauka ruwa huɗu ke juya jiki: jini, majina, da biyun da Larabawa suka kira safra'u, wato ruwan madaciyar nan, da sauda'u, wato baƙin ruwa. Wanda safra'u ta rinjaya, wai shi ne mai zafin rai. Ibnu Sina, shahararren likitan Musulmi wanda ya rasu a 1037, ya bi wannan ra'ayi, kuma ta littattafan Larabci ra'ayin ya iso hannun malamanmu na ɗibbu. Likitocin yau sun daɗe da ajiye shi.

Ni ba a takarda na fara sanin madaciya ba. Babbar Sallar 1973 ce, watan da naira ta shigo, ana hunturu. Baffanmu, Allah ya jiƙansa, mutum ne da in ya yi tsawa har kaji ke watsewa. Yana fiɗar rago, ya miƙa wa wani yaron gidanmu hanta ya ce ya cire madaciyar. Hannun yaron na rawa don sanyi, wuƙar ta goce, koren ruwan nan ya malale kan hantar duka. Baffa ya miƙe, jijiyar wuyansa ta tashi, ya kai hannu ga igiyar ragon. Kakarmu tana bakin murhu, ko ɗaga murya ba ta yi ba. Ta ce, "Malam, zauna." Dattijo mai iyali, ya zauna a kan turmi. Ta aika aka kawo masa buta, ta ce ya yi alwala, sannan ta ba shi jiƙon tsamiya. Ta ce mahaifinta kan ce fushi wuta ne, Manzon Allah (SAW) ya yi umarni mai fushi in yana tsaye ya zauna. Da aka ce mata ai hali zanen dutse ne, sai ta ce dutse ba ya alwala, mutum kuwa yana yi.

Baffa ya mutu da zafinsa, amma duk gidan mun san yana yaƙi da shi, yana kuma jin kunyarsa. Ku kuwa yanzu waya ta ba ku suna da Turanci, kun rataya a wuya kuna taƙama, ƙannenku na shan tsawa ana cewa halitta ce. Wa ke da ikon ce miki zauna a gidan nan naku? Ki faɗa mini sunansa in kin zo hutu, kuma ki gaishe da mahaifiyarki.