Amsar dattijo a kan tambayar ƙaddara da aka yi a zumuntar matasa

Salama a gare ku 'yan zumunta. Ina gajiya, ya ruwa? To madalla. Ɗiyata, na ga tambayarki tun jiya, hannuna ne ba ya sauri a waya, shi ya sa na ce bari in yi da baki. Kin ce tunda Allah ya san ranar kowa, kuma ba abin da ke faruwa sai da izininsa, mene ne amfanin wahalar asibiti da rigakafi, kuma don me za a kama mutum da laifin abin da aka riga aka rubuta. Ba ki yi saɓo ba, kada wani ya tsorata ki.

Ki buɗe Littafi Mai Tsarki, Ayyukan Manzanni sura 27. Bulus ɗaurarre ne, ana kai shi Roma a jirgin ruwa, hadari ya taso musu har dare na 14, sun zubar da kaya, sun fid da rai. Bulus ya miƙe ya ce mala'ikan Allah ya zo masa, jirgi zai hallaka amma ba ran da zai salwanta. Mutum 276 ne a ciki. To magana ta ƙare ke nan ko? Allah ya faɗa. Amma ki ci gaba da karatu. Matuƙan jirgin suka sauke ƙaramin kwalekwale wai za su saki anka, alhali guduwa za su yi. Bulus ɗin nan dai, bakin da ya ce ba mai mutuwa, shi ya juya ya ce wa hafsan soja in mutanen nan ba su tsaya a jirgi ba, ku ma ba za ku tsira ba. Sojoji suka yanke igiyar. Ya kuma matsa musu su ci abinci don su sami ƙarfi. Da jirgi ya farfashe, mai iya iyo ya yi iyo, wanda bai iya ba ya rungumi katako, duka suka fita a tsibirin Malita. Kin gani? Wanda ya ƙaddara tsirarsu, shi ya ƙaddara ta wace hanya za ta zo: ta hannun matuƙa, da gurasa, da guntun katako. Bulus bai ga wani karo a tsakani ba.

Batun laifi kuma, ki tuna Yusufu da 'yan'uwansa a Farawa 50:20. Ya ce musu ku mugunta kuka nufa, Allah ya nufe shi da alheri. Aiki ɗaya, niyya biyu, kuma bai wanke su ba. Bitrus ma ranar Fentikos ya ce an ba da Yesu bisa ga shirin Allah, a numfashi ɗaya ya ce ku kuka kashe shi. Yahuza da ya ci amanar Yesu fa? Ba wanda ya murɗe masa hannu. Yohanna ya gaya mana tun can yana sata a jakar kuɗi. Abin da zuciyarsa ke so ya bi, azurfa talatin.

Muhawarar nan ta girme mu duka. Agustin, bishop ɗin Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ɗan Afirka ne kamar mu, ya kara da Pelagiyus, malamin da ya fi jaddada zaɓin mutum, a kanta kafin ya rasu a 430. Daga baya almajiran Kalbin, masu ɗaukaka ikon Allah, da na Arminiyus, masu jaddada zaɓin mutum, suka ja har aka yi taron ikkilisiya na Dort a Holan, 1618 zuwa 1619. Ni dai karatuna ya fi karkata wajen masu ɗaukaka ikon Allah, ba na ɓoyewa. Amma yadda ikon Allah da zaɓin mutum ke haɗuwa a can ciki, Maimaitawar Shari'a 29:29 ta ce asirai na Ubangiji ne, abin da aka bayyana shi ne namu. Duk wanda ya ce miki ya warware shi tas, ki yi masa murmushi kawai.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke sa kalmar ƙaddara inda ba wurinta ba. A gidan ta'aziyya mu ce a yi haƙuri, nufin Allah ne, wannan daidai ne, yana sanyaya zuciya. Amma yaro na zafin jiki kwana da kwanaki, damina ce, gidan sauro na nan a naɗe cikin leda, masu bi gida gida da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na 'yan ƙasa da shekara biyar sun zo an kore su, sannan uban ya ce ƙaddara? A'a. Wannan sakaci ne, kuma za a tambaye shi. Nehemiya da magabta suka taso masa, addu'a suka yi, suka kuma sa masu tsaro dare da rana, yana nan a littafin Nehemiya 4:9. 'Yan'uwanmu na ƙauyukan Malumfashi da Ƙanƙara ba sai an fassara musu ayar nan ba.

Romawa 9 da zancen Fir'auna ba za su shiga murya ɗaya ba, ga cajina ya yi ƙasa. Ku karanta ta haɗe da sura 10 kafin Lahadi, bayan sujada mu zauna ƙarƙashin dalbejiya. Ɗiyata, ki gaida maigidan da yara.