Zama da maɗaukin kanwa: me ya sa kan wani ba ya yin fari?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi. Hausawa na cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. To ga mu a fada ɗaya, wato majalisar hira ta samari, da jarrabawa ta matso wasu sun fara haɗiyar tramol don su kwana karatu, wasu kuwa sun ƙi. Karin maganar ta yi ƙarya ke nan?

Amsa: Ba ta yi ƙarya ba, ɗana. Kanwa tana da gari, in an ɗauko ta a ka ƙurarta ba ta barin na kusa. Abin nufi, hali yana naso. Sai dai karin maganar ta tsaya ga zaman, abin da ke zuciyar mai zaman kuwa ta bar mana.

A 1977 Albert Bandura, masanin halayyar ɗan Adam haifaffen Kanada, ya yi bayanin yaƙinin da mutum yake da shi cewa zai iya wani takamaiman aiki. Mafi kusa a Hausa shi ne "yarda da kai". Kada ka haɗa ta da "dogaro da kai", wato ci da guminka, balle "girman kai". Ɗalibi yana buƙatarta wuri biyu: ya yarda zai iya riƙe karatu ba ƙwaya, ya kuma yarda bakinsa zai iya cewa a'a in aboki ya miƙo masa ana tsakiyar shayi. Na biyun ya fi wuya, domin kunya ke shiga.

Wannan yarda ginuwa take yi. Babban tubalinta nasarar da ka samu da hannunka: ka raba darasi ƙanana, ka fara makonni kafin jarrabawa, kullum ka rufe littafi ka gwada kanka. Sai ganin tsaranka da ya ci ba tare da shan komai ba. Ƙarfafa gwiwa daga iyaye da malamai tana taimakawa, amma ba ta kai waɗancan ba. Bugun zuciya a ƙofar ɗakin jarrabawa kuwa kowa na yi, kada ka ɗauke shi shaidar kasawa. Maganar ƙin karɓa ma ka tanade ta tun a ɗaki, gajera, ba dogon uzuri.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ya ci jarrabawa da tramol a cikinsa, sai ya ba ƙwaya yabon da ya kamaci ƙwaƙwalwarsa. Badi ba zai yarda ya zauna ba ita ba. Ta asibiti yawanci miligiram 50 ce, likita ba ya wuce 400 a yini. Ta bakin hanya takan kai 225, biyu kawai sun zarce iyaka, daga nan jijjiga irin ta farfaɗiya kan iya biyowa. Wanda ya riga ya saba kada ya yanke rana ɗaya, zai sha gumi da ciwon jiki da rashin barci har ya koma. Ya je wurin likita a rage masa sannu a hankali.