Amsa: Me ya sa tashoshin girki suka koma gasa?

Hajiya, kin tambayi abin da ya sa tashoshin girki suka rage koyarwa suka koma gasa. Kuɗi ne. Mai son koyon miya yanzu YouTube take buɗewa a waya, ta tsayar, ta maimaita. Sai masu tele suka nemi abin da zai zaunar da mutum har a saka talla: agogo na gudu, alƙalai na ɗanɗanawa, a kori ɗaya ya fita yana hawaye. Tashar Food Network ta Amurka ma da koyarwa ta fara a 1993. Gasar girki ta Top Chef ta Faransa kuwa tun 2010 ake nuna ta a tashar M6. A gidanmu nan Birni har maigida na kallo, shi da ko dambu bai iya turarawa ba. Ni kam ban koyi komai ba, kyamara kullum tana kan fuskar mai girki, tukunya sai a wuce ta.