Maganaɗisu a bakin tiyo: yana ƙara albasa da gaske?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ni mai garka ne a gefen Madawa, albasa nike yi da ɗan tumatir. Ruwan rijiyata ya fara zartsi, har farin gishiri na fitowa a saman fangali. Wani ya kawo min ƙarfe mai maganaɗisu da ake ɗaurawa a tiyon injin ban ruwa, ya ce yana kashe gishirin kuma albasa za ta ninka, wai ko iri aka aza kan maganaɗisu yana saurin tsira. Dan Allah gaskiya ne ko in riƙe kuɗina?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a garkar. Ka riƙe kuɗinka tukuna, domin mutumin nan ya haɗa maka magana biyu ne, ɗaya tana da ɗan tushe, ɗayar kuma ba haka take ba.

Ta iri ita ce mai tushen. Duniyar nan kanta tana da maganaɗisu, amma mai rauni ne, tsakanin mikrotesla (ma'aunin ƙarfin maganaɗisu) 25 zuwa 65, kuma kowace shuka cikinsa take girma. Masu bincike sukan ɗauki iri busasshe su sa shi tsakanin maganaɗisu da ya fi wancan ƙarfi sau dubbai, na wasu mintoci ko awa ɗaya zuwa biyu, sannan su shuka. A cibiyar binciken noma ta New Delhi a Indiya an yi wannan da irin shuke-shuke daban daban, an ga iri na saurin shan ruwa, yana saurin tsira, saiwa ta fi tsawo. To amma ka lura, yawancin wannan aiki a ɗakin gwaji aka yi shi ko cikin tukwane, kuma ƙarfin da ya yi wa wani iri daɗi sai ka ga bai yi wa wani komai ba, wani lokaci ma in aka zarce da lokaci tsirar raguwa take. Saurin tsira kuma ba shi ne buhun albasa ba, tsakanin reno da cirewa akwai watanni na ƙwari da zafi da ƙishi.

Maganar ruwa ce ta fi damuna, saboda nan ne ake cin kuɗin manoma. Maganaɗisu ba ya fitar da gishiri daga ruwa. Gishirin narke yake a ciki, ruwan da ya shiga tiyo da gishirinsa haka zai fita da shi, ba inda ya tafi, ka tambayi mai sayarwar ina gishirin yake taruwa in har an cire shi. An yi gwaji a Ostareliya a 2009 da ruwan da aka bi da shi ta maganaɗisu, wasu kayan lambu sun ɗan ƙaru, wani kuma ba a ga bambanci ba sam, kuma har yau masana ba su daidaita kan abin ba. Ninka amfani kam babu binciken kirki da ya tsaya a kai.

Shi farin nan da kake gani a saman fangali, rana ce ke ɗauke ruwa ta bar gishirin, kuma albasa na cikin shukokin da ba su jure gishiri ko kaɗan, tumatir ya fi ta haƙuri. In kana ban ruwa kaɗan kaɗan kullum, gishirin a wurin saiwa yake tsayawa. Abin da ke aiki shi ne lokaci lokaci ka ba da ruwa mai yawa da zai wanke shi ya gangara ƙasa, amma fa sai in ƙasar na tsotsewa, in laka ce mai riƙe ruwa sai ka buɗe masa hanyar fita. Ka zuba takin gida da ya ruɓe sosai, ka rufe ƙasa da ciyawa ko kara don rage ƙafewa. Kafin komai ma ka nemi malamin gona na yankinku ya auna ruwan da ƙasar, ko a kai samfur wajen INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasar Nijar, domin gishiri daban, kanwa daban, in kanwa ce ta daskarar da ƙasa to jibsin (garin wani farin dutse mai gyara ƙasar kanwa) ake sawa, wanki kaɗai ba ya isa.

In kuma zuciyarka ta ƙi sakin abin, ba laifi, gwada shi amma da sharaɗi. Ka ce wa mai sayarwar ya ba ka aro na rani ɗaya. Ka ware fangali kamar takwas, huɗu da ruwan maganaɗisu huɗu da na kullum, ka cakuɗa su kada huɗun farko su faɗa wuri mai kyau duka, iri ɗaya, dashe rana ɗaya, taki ɗaya, yawan ruwa ɗaya. Ranar cirewa ka auna da sikeli, kar ka yarda da ido, domin wanda ya kashe kuɗi a kan abu ba ya sanin lokacin da yake fifita wancan gefen da kulawa. In mai kayan ya ƙi wannan sharaɗi ka san inda maganar ta tsaya.

Tunda ka taɓo saurin tsira, in kana noman hatsi da damina akwai dabarar da ba ta cin ko dala: jiƙa irin gero ko dawa awa 8 cikin ruwa, ka shanya shi kaɗan a inuwa, ka shuka ranar bayan ruwa mai kyau ya sauka. Ka haɗa da ɗan takin zamani a kowane rami, giram 6 na NPK 15-15-15 ko giram 2 na DAP, dabarar da aka daɗe ana gwadawa a cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, saboda ƙasarmu ta jigawa sinadarin taki na fosfor ne ya fi yi mata ƙaranci. Albasar taka kuwa, ka fara da awon ruwan rijiyar kafin dashe mai zuwa.